Ranar da Motar Kawu Sada Ta Ƙi Tashi a Magama

Ƙarar ba wata babba ba ce. Ɗit, ɗit, ɗit, kamar ta agogon hannu. A bakin garin Maraɗi muke, Baba Lawali ya sauka daga motarmu ke nan bayan ya raka mu, yana ɗaga mana hannu, sai na ji ta. Na leƙa ta kafaɗar Kawu Sada, na ga hoton ɗan makulli ruwan ɗorawa yana kawowa yana ɗaukewa a gaban sitiyari.

Na ce, "Kawu, mene ne wancan yake ƙiftawa?"

Ya ce, "Sabon batir ne bai gama zama ba. Gyara zamanki."

Iya, kakata ta wajen uwa, tana gefena da buhun ƙuli a kan cinya. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Wagga yarinya, ko sauro ya yi kuka sai ta ce jirgin yaƙi ne."

Ƙarar ta yi shiru da kanta, muka kama hanya. Ni kuwa hankalina bai sake kwanciya ba.

Tun da na dawo kuke ta tambayata, a waya da a Islamiyya, wai Zulai yaya Nijar, wai da gaske mun kusa kwana a boda. Duk lokacin da na fara faɗa da baki sai in kasa kai ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, a bar ni in huta.

Da farko ma ni ban so tafiyar ba. Hanyar Jibiya ba sai na ba ku labarinta ba. Da rana motoci na kai da kawo, ga shingayen jami'ai jere, amma duk mai bin ta sai an ja masa kunne kada rana ta yi ja yana kanta. A layinmu akwai gidan da har yau ba a cika jin dariya a cikinsa ba saboda hanyar nan, kun san gidan. To amma matar Baba Lawali ta haihu, Iya ta ce ko da rarrafe sai ta je suna, Mama kuma ta ce ni zan bi Iyar saboda ciwon gwiwar da take fama da shi, in riƙe mata buta da magani. Kawu Sada, ƙanen Mama, shi zai kai mu.

Sai na faɗa muku yadda Kawu Sada da Baba Lawali suke, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Baba Lawali ɗan wan Iya ne, ke nan taubasai ne. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba sa haɗuwa a rabu ba a yi tsiya ba. Da Kawu ya sayo motarsa 'yar Kwatano, mai ruwan toka, irin wadda ba a murɗa mata makulli sai dai a taka birki a danna maɓalli, Baba Lawali na ji ya aika aka kawo masa irinta sak, har launi. Wai bawansa ba zai hau abin da shi bai hau ba.

Zuwa lafiya lau muka yi. Sammako muka yi daga Katsina, kafin rana ta yi zafi mun wuce Magama mun shiga Ɗan Isa. Abin da na fara lura da shi jandarmominsu. Namu za su ja ka da wasa, a yi Hajiya ina kwana, a yi ta hira. Nasu fuska a ɗaure, ka miƙa kati ya duba gaba da baya kamar zai haddace shi, amma da ya ga komai daidai sai ya miƙo maka da hannu biyu. Wani ya tambayi Iya shekarunta, ta ce ya je ya tambayi uwarta, ita ta ƙirga. Na ɗauka za a sauke mu, sai na ga mutumin ya juya baya kafaɗarsa na girgiza.

Maraɗi kamar gida take kuma ba kamar gida ba. Hausa ɗaya, amma sai ki ji an jefo kalmar Faransanci a tsakiya. Matar Baba Lawali ba Anti ake ce mata ba, Tanti Zainabu. Burodinsu dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, sai da na ga yara na tsoma shi a shayi na gane kansa. Na ci dambu da zogale da suke kira kwabto, da yaji da mai, har Iya ta ce in tuna ba gidan ubana ba ne. Na ga mace da hijabinta har ƙasa ta tuƙo babur da goyo, ba wanda ya ko waiga. A tsakar gida aka yi mana shimfiɗa, kowa da gidan sauronsa, ga iska, ga taurari. Su suna ta minshari, ni da na saba a kulle ƙofa a danne ta da turmi, sai juyi nake.

Ranar dawowa da safe Kawu ya ce rimot ɗinsa ya fara sanyi, sai ya danna ya sake dannawa kafin ƙofa ta buɗe. Baba Lawali ya ce nasa ma haka, su je wajen mai gyaran agogo a bakin layi. Na bi su don zan sayo wa Mama turaren wuta. Mutumin na da ɗan teburi da gilashi a ido ɗaya. Su can fil suke ce wa batir. Ya ɓare rimot ɗin biyu da bakin wuƙa, ya zuba su a faranti, ya ce bari ya goge musu ciki tunda ƙura ta shiga. Yana aiki su kuma suna kansa.

Baba Lawali ya ce, "Malam, ka sa wa na bawana tsohon fil, sabo ya fi ƙarfinsa."

Kawu ya ce, "Rabu da shi, kwaikwayo ya kawo shi nan. Da jaki na saya, da yanzu ciyawa ya zo nema."

Mai agogo na dariya har ya cire gilashin ya share ido. Ya rufe su ƙwas ƙwas, ya miƙa wa Kawu nasa mai jan tuntun fata a jiki, ya miƙa wa Baba Lawali nasa.

Da muka koma gida motarmu na buɗe, mata na ta cusa tsaraba. Ta Baba Lawali kuwa tana can wajen wanki kusa da shagonsa. Kun san ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, su can ma sun fi mu riƙe wannan. Baba Lawali ya shige gaba ya zauna, wai sai ya ga fitarmu daga gari, ya dawo a kabu-kabu, wato acaba. Kawu ya danna, mota ta tashi sumul. To saukarsa ce ƙarar nan ta soma.

A Ɗan Isa Kawu bai kashe mota ba, ya bar wa Iya sanyi ya shiga aka duba takardu. Muka ƙetaro Magama azahar ta yi. Da na ga tutarmu sai na ɗan saki numfashi, na ce ai saura ƙiris. Kawu ya gyara fakin kusa da rumfar wata mai abinci, ya kashe mota, ya tafi masallaci. Mu muka yi tamu sallar a bayan rumfar.

Ya dawo, ya zauna, ya yi bisimilla, ya taka birki, ya danna.

Shiru. Sai ɗan makullin nan ruwan ɗorawa.

Ya sake dannawa. Ya ciro rimot daga aljihu ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu. Ya fita ya rufe ƙofa ya danna na kullewa, mota ko ƙyafta fitila ba ta yi ba.

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru. A boda mota ba ta lalacewa mai ita ya rasa malamai. Wani direba ya ce a kife aka sa batirin. Kawu ya ari wuƙar mai tsire ya ɓare rimot, aka duba, gefen mai rubutu na sama yadda ya kamata. Wani ya ce akwai 'yar takarda da ake mannawa a bayan sabon batir, in ba a ɓare ba ba ya aiki. Aka juya, babu. Wani mai canji ya karɓa ya goga batirin a rigarsa, ya ɗora a harshe, ya ce da rai. Wani ya ce 'yan ƙarafan da ke riƙe shi ne suka kwanta, aka ɗaga su da tsinken sakace. Aka sayo wani sabo fil a wajen mai sayar da caja, aka sa. In an danna, 'yar jar wutar rimot ɗin na kawowa tar, amma mota kamar da dutse ake magana.

Iya ta leƙo ta taga ta ce, "Sada, da can da ake murɗa makulli wa ya mutu? Kun sayo mota mai zuciya kamar mutum."

Aka kira mai gyaran wayarin, wani dogo ana ce masa Ɗanjuma. Ya ce a manna rimot ɗin a jikin maɓallin a danna da shi, wai ko batir ya mutu haka take tashi. Aka manna ta gaba, aka manna ta baya. Ya buɗe bonet ya cire kan batirin mota, muka jira, ya mayar. Ya duba fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su a rana. Daga ƙarshe ya goge hannu ya ce, "Alhaji, makullin ga ya mance motarshi. Sai an zo da kwamfuta daga birni an sake haɗa su."

Kawu ya kira mai kwamfutar a Katsina. Ina tsaye kusa, na ji amsar da kunnena.

"Magama? Yanzu? Alhaji ka yi haƙuri, ina da iyali. Gobe da safe in Allah ya kai mu."

Ban san lokacin da na zauna a bencin mai abinci ba. Sunanta Hajara, ta ce daga wajen Gangara suka taso suka dawo nan, ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta zubo mini shinkafa da wake ta tura gabana. Na kai loma ɗaya na ture kwanon.

Ta ce, "Ci, ɗiyata. Tsoro da yunwa ba su haɗuwa ciki guda."

Na ce, "Inna, in dare ya same mu a nan fa?"

Ta ce, "Ɗaki akwai, tabarma akwai, ke da tsohuwa ku zo. Barci ne ban yi maki alkawari ba, don mu ma ba kullum muke samu nai ba."

Da alheri ta faɗa, amma da ta bar ni ba amsa da ya fi mini sauƙi.

Na tashi na koma wajen mota, na dawo benci, na sake tashi. Duk motar haya da ta cika ta tafi sai in bi ta da ido har ta ɓace. Kawu ya ce zai sa mu a ɗaya daga ciki, shi ya kwana da motar. Iya ta ce ƙafarta ƙafarsa, ba ta haife shi don ta bar shi a bakin hanya ba. Ni kuma Iya aka ba ni amana, ina zan je?

Na matsa kusa da shi na rage murya. "Kawu, don Allah ka kira Baba Lawali. Ko zai koma wajen mai agogon ya tambaye shi."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "In kira wa? Wancan bawan? Ya samu abin faɗa har jikokinmu? Motar ga ko da turi ne sai na kai ta Katsina."

Aka kira la'asar muna nan. Inuwar rumfa ta miƙe har ta taɓa tayarmu. Masu talla suka fara haɗa kaya. Na shiga bayan mota na rufe fuska da hijabi na yi kuka ba sauti, don kada Iya ta samu na faɗa. Ita kuwa jan carbi kawai take, shi ya fi tayar mini da hankali.

Sai wayarta ta yi ƙara. Tanti Zainabu ce. Iya ba ta ji sosai, kullum a sifika take amsawa, kowa ya sha labari.

"Iya, kun isa lahiya? Tun ɗazu nike jira."

"Ina fa. Muna Magama, motar Sada ta yi yaji."

"Kai! Yau ranar motoci ce. Ai mai gidan ma yana can wajen wanki tun da hantsi, tashi ta ƙi buɗewa. Sun canza fil har sun gaji. Ya ce kada in kuskura in hwaɗa ma Sada."

Kawu na tsugune gaban mota, sai na ga ya miƙe a hankali. Ya kalli rimot ɗin da ke hannunsa, ya kalli Ɗanjuma. Ɗanjuma ya ce, "Motarku iri guda ce? Wuri guda kunka canza?" Kawu ya fizge wayar daga hannun Iya.

Ashe ga abin da ya faru. Mai agogo, garin dariyar tsiyarsu, ya mayar da ɗan koren allon cikin rimot ɗin Baba Lawali a kwanson Kawu, na Kawu kuma a kwanson Baba Lawali. A ido makullin Kawu ne, ga jan tuntunsa, amma cikinsa na wata motar ne. Da safe motarmu ta tashi ne don Baba Lawali na zaune a ciki da namu a aljihu. Da ya sauka ta yi kukanta, ba wanda ya saurare ta. Da tun azahar ɗaya ya kira ɗaya, da tuni muna gida.

Ko a wannan halin sai da suka taɓa.

"Ɓarawon makulli!"

"Ni ko kai? Ka zo garina ka ci tuwona ka tahi da hanjin makullina!"

Amma da Kawu ya ce, "Lawali, rana na tafiya, ga Iya ga yarinya," sai muryar can ta canza. Ya ce, "Gani nan."

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ina kallon hanyar Nijar, ina kallon rana, ina kallon tasha tana raguwa. Motocin haya suka rage biyu. Direban ɗayar, wani mai faffaɗan ƙirji da ake kira Ɗan Bugaje, ya zo ya ce wa Kawu su ne na ƙarshe, a jere za su tafi, in ya samu tashi ya bi bayansu. Fasinjojinsa na ta yi masa ihu, yana ce musu taya yake dubawa. Tayar nan ya zagaya ta ya harbe ta da ƙafa ban san iyaka ba, duk don mu. Allah ya saka masa.

Rana ta fara ja sai ga babur ya taho a guje, babbar riga na tashi a baya kamar tuta. Baba Lawali ne, hularsa a hannu. Motar haya ya hau zuwa Ɗan Isa, ya ƙarasa a kabu-kabu. Ba sallama ba gaisuwa, ya miƙa rimot. Ɗanjuma ya ɓare su biyun a kan bonet, ya musanya, ya rufe. Kawu ya danna.

Kwik kwik. Fitilu suka ƙyafta.

Wallahi mutanen wajen har da tafi. Hajara ta rangaɗa guɗa.

Baba Lawali ya ce mu juya Maraɗi mu kwana, aka ce masa an daina shigar da mota ta can sai safiya, shi ma da ƙafa zai ƙetara. Ɗan Bugaje ya danna hon ya ce ko yanzu ko a fasa. Kawu ya kalli Iya. Ta ce, "Mu tahi. Allah na gaba." Baba Lawali ya leƙo ta taga, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Sada, kada ka tsaya ma kowa. In kun shiga gari ka kira ni." Sai da muka fara tafiya na ji ya ɗaga murya, "Bawan banza!" Kawu bai rama ba.

Motoci uku muka jeru, mu ne a baya. Ba rediyo, ba magana. Duk shingen da muka zo jami'ai na ɗaga hannu mu wuce da sauri, wasu ma sun fara kwashe kayansu. Gonaki dama da hagu, dawa ta yi tsawo, ba ka ganin abin da ke bayanta. Na kifa kaina a cinyar Iya na damƙe zanenta, ina karanta duk abin da ya zo bakina, in fara wannan sura in tsinci kaina a wata.

Can sai na ji Kawu ya taka birki da ƙarfi, buhun ƙuli ya faɗo mini a baya. Na ɗago. Motocin gaba sun tsaya cak, jajayen fitilunsu a kunne. Shanu ne ke ƙetare titi, da yawa, ƙura ta tashi. Kun san abin da ake faɗa a kan shanu a hanyar nan da yamma, ba ka sanin wa ke bayansu. Na ga hannun Kawu a kan giya, ya riga ya sa ribas. Sai ga wani tsoho ya fito daga cikin ƙurar da sanda a kafaɗa da ɗan maraƙi yana turawa, ya ɗaga mana hannu alamar a yi haƙuri. Kawu ya ce, "La ilaha illallahu," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Na mayar da kaina ban ƙara ɗagowa ba. Ina jin ramuka, ina jin kwana. Ban san tsawon lokacin ba. Sai dai na fara jin wasu ƙararraki daban, hon ɗin Keke Napep, injin niƙa, wani na kiran mai ruwa. Daga nesa lasifika ta ɗauki kiran magariba, wata ta amsa kusa da mu.

Iya ta dafa kaina ta ce, "Zulai, tashi. Mun shigo Katsina, ba abin da zai same ki. Sakar mani zane."

Na so in saki, yatsuna suka ƙi buɗewa. Ita ta ɓamɓare su da kanta, ɗaya bayan ɗaya.